Kwakwar Attagara da Karen Gadin Sito

  

Ran Larabar da ta wuce, mun idar da sallar La'asar ke nan, sai wani attajiri abokina na tun ƙuruciya, mai fataucin kwakwa da dabino da aya, ya tsare ni a bakin zaure. Ya ce yana da mas'ala, amma yana jin nauyin yin ta gaban almajirai. Na ce masa ai ba a kunya wajen neman sani. Ya sunkuyo ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ta gado ba ce, ba ta ciniki ba ce, ta kare ce."

Ga yadda abin ya ke. Yana da sito a bayan ganuwa, can wajen hanyar Zariya, inda motoci ke sauke masa kaya daga Kudu. Ya ajiye kare guda yana taya mai gadi kwana, shekara uku ke nan ko tsinke ba a ɗauke masa ba. Makon jiya aka kwance buhunan kwakwa, aka tarar waɗansu sun tsage a hanya, ruwansu ya tsiyaye, cikinsu ya soma ɓaci. Yaransa suka ware su gefe, suka ga zubarwa asara ce, sai suka riƙa farfasa su suna jefa wa karen, har da ɓawon. Ya ci kwana biyu yana kaɗa wutsiya. Ran na uku ya kwanta ya dunƙule, ga amai ga zawo, ko ruwa ya ƙi sha. Tambayar abokina biyu ce: shin kwakwa guba ce ga kare, kuma shin akwai alhaki a wuyansa in dabbar nan ta mutu?

Na ce masa ya fara kai karen wurin likitan dabbobi tukuna, fatawa ba ta gudu. Ni kuwa na zauna na bi mas'alar ta fuska biyu, ta littattafanmu da ta abin da likitocin dabbobi suka tabbatar, na ga ta isa a rubuta, gama ba shi kaɗai ke da kare a bakin dukiyarsa ba.

Na san wani zai ce, duk abin da ke damun jama'a Malam bai ga inda zai ɓata tawada ba sai bisa kare? To, ya ɗan'uwa, buɗe Risala da ka karanta a zaure tun kana yaro. Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu shekarar 386 ta Hijira, watau 996 ta Miladiyya, bai ji ƙyamar maganar kare ba. Ya hana ajiye shi a gida haka kawai, amma ya togace karen gona, da na kiwo, da na farautar neman abinci ba ta wasa ba. Masu sharhin littafin sun ruwaito cewa shi kansa Shehun, sa'ad da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron sharrin mutanen zamaninsa, kare ya ajiye. Aka tuna masa Imamu Malik ya ƙi haka, ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ɗaure. Daga nan malamai da yawa suka halatta karen gadin gida da dukiya in bukata ta tabbata. Wanda ya ajiye shi ba bukata kuwa, hadisi ya yi masa gargaɗin ladansa na raguwa kullum. Shi ya sa har yau in ka ratsa daga Madabo zuwa Kurmi, ka bi ta Jakara ka fita Ƙofar Mata, da wuya ka ji haushi a cikin gida. Karnukanmu suna hannun mafarauta, da makiyaya, da masu lambu, da masu gadin sito.

Abin da mu ke mantawa shi ne, halaccin ajiyewa yana tafe da nauyin ciyarwa. Shehu Halilu, cikin babin ciyarwa na Muhtasar, ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa in ba ta da wurin kiwo. Karen da aka ɗaure da sarƙa a ƙofar sito ba shi da makiyaya sai hannun mai shi, abin da aka jefa masa shi zai ci, ba shi da bakin da zai ce wannan ya yi tsami. Kun san labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Kun kuma san na matar da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba, aka yi mata azaba saboda ita. Tsakanin waɗannan biyu mai kare ya ke tsaye.

To, mu komo ga kwakwa. Ba itacen ƙasarmu ba ce. Mu giginya da goruba da dabino muka gada, ita kuwa sai bakin teku, inda ke da laima da rairayi. Kakanninmu kwakwar Attagara su ke ce mata, don su rarrabe ta da kwakwar manja, Attagara kuwa ita ce Ida, birnin Attan Igala a bakin Kwara. Sunan da kansa ya nuna hanyar da ta biyo ta iso mu. Larabawa suna ce mata jauzul Hindi ko narjil. Ibnu Batuta ya siffanta ta cikin labarin tafiyarsa, ya kamanta ta da kan mutum mai idanu da baki, ya ambaci igiyar da a ke tufkawa da gashinta a ɗinke jiragen ruwa, ya kuma rayu da ita a tsibiran Maldif inda ya yi alƙalanci. Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma bayan shekarar 1500, kuma gonarta ta farko a Nijeriya ita ce wadda 'yan mishan suka dasa a tsibirin Topo, kusa da Badagiri, cikin 1876. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911 sai abin da a da tsaraba ce ta fatake ya soma zama kayan tire. Yau ga ta tuli a 'Yan Lemo ta Na'ibawa, ta Badagiri da ta Gana da ta Kwaddibuwa, ga ta a baro tare da dabino, ga ta cikin kunun aya, ga kwakumeti a hannun yara. Abin da ya yawaita a kasuwa dole ya yawaita a juji, inda kare ke kai baki.

Jawabin tambaya ta farko a taƙaice: lafiyayyar kwakwa ba guba ba ce ga kare. In ya ci ɗan yanki fari tas, babu abin da zai same shi. Cutar tana zuwa ta ƙofa uku, ta yawa, ta ɓawo, da ta ruɓa, kuma karen abokina ta duka ukun ta shigar masa.

Ta yawa tukuna. Farin naman kwakwa da ka ke tauna kana jin garɗi, sulusinsa mai ne. Masu awon abinci sun auna, cikin giram 100 na ɗanyen naman akwai mai giram 33, in an busar da shi kuwa man ya kan kai kusan kashi biyu cikin uku. Babbar kwakwa guda tana iya ba da nama giram 400, watau mai wajen giram 130, kimanin cokali 9 na cin abinci. Ka ƙaddara ka kama kare ka ɗura masa man shanu cokali 9 a zama ɗaya. Wannan shi ne abin da yaran suka yi ba su sani ba, kuma ba guda ɗaya suka ba shi ba. Karenmu na nan ya saba da ƙanzo da sauran tuwo da ɗan ƙashi, cikinsa bai san maiƙo mai yawa ba. In ya zo masa farat ɗaya, mafi sauƙin abin da zai biyo shi ne zawo da amai na kwana ɗaya ko biyu.

Mafi tsananinsa kuwa yana ga wata 'yar tsoka doguwa da ke kwance a gindin tumbi, jingine da farkon hanji, wadda Larabawan yanzu ke kira bankiriyas. Aikinta zubo ruwan da ke narkar da abinci, musamman maiƙo. Likitocin dabbobi sun daɗe da lura cewa kare in ya yi wa abinci mai kitse cin ƙoshi, tsokar nan ta kan kumbura, ruwan da ya kamata ya narkar da abinci a hanji ya tashi aiki tun yana cikinta, ya shiga cin naman da ya yi shi. Ciwo ne mai zafi ƙwarai. Za ka ga kare ya tanƙware baya, ko ya kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga gindi sama, in ka taɓa cikinsa ya yi ƙara, yana ta amai ba ya cin kome. Waɗansu su kan warke da ƙarin ruwa da hutun ciki, waɗansu ba su tashi. Wanda ya taɓa yin sa kuma, maiƙo kaɗan ya isa ya tayar masa da shi.

Ruwan kwakwa ma a yi hattara da shi. Yana da gishirin da likitoci ke kira fotasiyam, irin wanda ke cikin ruwan toka, wajen miligiram 250 cikin giram 100. Ƙoda lafiyayya tana fitar da rararsa cikin fitsari, amma tsohon kare mai raunin ƙoda gishirin nan ya kan taru a jininsa ya rikita bugun zuciya. Kare ruwan randa ya ke bukata, a canza masa kullum, shi ke nan.

Ƙofa ta biyu ba ta son dogon bayani. Ɓawon kwakwa ya fi ƙashi taurin kai, ba ya narkewa a ciki ko kaɗan. Kare ba ya tauna kamar mu, ya kan fasa ne ya haɗiye. Tsagin ɓawo mai kaifi yana karya haƙori, yana yanka maƙogwaro, yana tsayawa a hanji ya toshe shi. Gashin bayanta kuma ya kan dunƙule a ciki kamar ƙwallon tsumma. Hanji in ya toshe babu jiƙo babu allura, sai an tsaga ciki, kuɗin aikin kuwa ya fi na buhun kwakwar da a ke jin asararsa. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Ƙofa ta uku ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ita ce ta shafi 'yan kasuwa. Wane ne ke ɗaukar kwakwa mai kyau, wadda zai sayar ya ci riba, ya miƙa wa kare? Babu. Abin da kare ke samu shi ne wadda ta tsage, wadda ta kwana uku cikin ruwan mai tire ta yi yauƙi, wadda cikinta ya yi rawaya ko toka-toka, da dusar da aka tace kunu aka bari ta kwana ta yi tsami. Muna cewa ai kare ne, cikinsa na narkar da mushe. Gaskiya ne yana jure abubuwa da yawa da mu ba mu jurewa, amma fumfuna ba ta cikinsu.

Dattawan da suka yi cinikin gyada zamanin dala za su tuna yadda Turawa suka tsananta binciken kaya farkon shekarun 1960. Ga dalili. Cikin 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar tunkuzar gyada ce da aka kawo daga Barazil. A cikinta aka gano wata guba da fumfuna ke haifarwa, aka sa mata suna aflatoksin. Tana kama gyada da masara in an tara su da laima, tana kuma kama busasshiyar kwakwa da a ke matsar mai, wannan sananne ne ga masu cinikinta a ƙasashen da a ke nomanta. Hanta ta ke ci. Dafuwa irin ta gida ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, kankare wurin da ya yi baƙi ba ya raba sauran da ita, gama saiwar fumfuna tana shiga inda ido ba ya gani. Kare kuwa yana cikin dabbobin da ta fi saurin kayarwa. Ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, a Amurka, an danganta mutuwar karnuka fiye da 100 ga abincin kanti da aka yi da masara mai wannan guba. Alamarta kasala, da ƙin abinci, da amai, sa'an nan farin ido da dasashi su yi rawaya kamar mai shawara, wani lokaci jini ya biyo kashi. Sa'ad da rawayar ta bayyana hanta ta riga ta ci wuya.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai fumfunar da gubarta kai ta ke hawa, kare ya kama makyarkyata da sanƙarewa cikin 'yan sa'o'i. Kuma kada mutum ya ce wannan ta dabba ce. Likitoci a ƙasar Danmak sun ba da labari cikin 2021 na wani dattijo mai shekara 69 da ya ajiye feraren kwakwa bisa tebur wajen wata guda, ya zo ya kurɓi ruwanta kaɗan, ya ji ɗanɗanon ya ɓaci ya bari. Bai cika kwana biyu ba ya rasu. Gubar da aka samu ita ce wadda ta taɓa kashe mutane a ƙasar Sin daga ruɓaɓɓen rake. Masu tire da masu baro su ji wannan, almajirin da a ke miƙa wa ragowar yamma shi ma ɗan wani ne.

A nan wani ɗalibi mai kaifin kai zai tare ni ya ce, "Malam, ai a mazhabarmu an yarda a ba dabba abincin da najasa ta faɗa cikinsa." Haka ne, malamai sun yarda a amfana da irin wannan abinci a wajen masallaci da wajen cikin ɗan Adam, a kunna fitila da man da ɓera ya mutu ciki, a ba dabba tuwon da ya najastu. Amma najasa daban, guba daban. Najasa hukunci ce ta tsarki, ta shafi salla da abin da mutum zai ci, dabba kuwa ba a kallafa mata salla ba. Cuta kuwa jiki ta ke ci, ba ta tambaya ko mai jikin mukallafi ne. Ruɓaɓɓiyar kwakwa ma ba najasa ba ce, tsarkakakkiya ce a hukunci, kana iya salla da ita a aljihu. Abin da ya hana ba da ita shi ne hadisin nan na Muwaɗɗa da ya hana cuta da cutarwa. Kada a ɗauki rangwamen babi guda a kai shi wani babi.

Wanda ya ke son ya ba karensa kwakwa don alheri, ga yadda zai yi. Ya zaɓi wadda shi da kansa zai ci, mai nauyi, mai motsin ruwa in an girgiza, idanunta a bushe, ba tsaga. 'Yan kasuwa sun fi ni sanin wannan. Ya ɓamɓare naman daga ɓawo sarai, ya yayyanka ƙanana ko ya goge shi, ya barbaɗa cikin abinci. Ran farko kada ya wuce girman farcen babban yatsa, ya duba kashin karen washegari. Iyakar da ba a wucewa kuwa ga lissafinta. Likitocin dabbobi sun ce duk abin marmari kada ya haura ushirin abincin yini. Kare mai nauyin kilo 15, irin matsakaicin karen farauta, yana bukatar wajen 850 na ma'aunin ƙarfin abinci da a ke kira kalori, ushirinsa 85. Giram 100 na kwakwa yana da wajen 350. Ya kama giram 25 ke nan, kamar girman kwalin ashana, kuma ba kullum ba. Kwikwiyo, da kare mai ƙiba, da mai zawo, da wanda ya taɓa ciwon cikin da na siffanta, waɗannan a bar su. Kwakumeti da alewar kwakwa ma a bar wa yara, sukari ba ya ƙara wa kare kome sai ruɓar haƙori.

Ni dai in an bi ta tawa, kare bai rasa kome ba in bai taɓa ɗanɗana ta ba. Mafarauci da ya yi wata uku a daji da karnukansa lokacin rani ya san abin da ke riƙe su: nama, da kayan ciki, da tuwo, da ruwa. Kuɗin kwakwa guda in an sayi huhu ko tumbi wurin mahauta an fi yi masa gata.

Saura maganar magani, gama yanzu kowa ya buɗe waya sai ya ga ana tallar man kwakwa, wai yana kashe tsutsar ciki, yana korar kaska da ƙuma, yana warkar da ƙazuwa, har da farfaɗiya. Maganar tana da ɗan asali, shi ya sa ta yi tsawon rai. Kusan rabin man kwakwa wani irin mai ne da ya kan kashe waɗansu ƙwayoyin cuta in an gwada shi cikin kwalba. Amma kwalba ba cikin kare ba ce, ba a tabbatar yana fitar da tsutsa ko guda ba. Ta farfaɗiya kuwa, cikin 2015 likitocin kwalejin dabbobi ta Landan sun gwada wani abinci bisa karnuka 21 masu wannan ciwo, ya ragu ga mafi yawansu, 3 ya ɗauke musu ɗungum muddar gwajin. Sai dai man da aka sa cikin abincin tatacce ne, wani ɗan yanki ne da a ke cirowa, wanda bai kai ko humusin man kwakwar kasuwa ba, kuma ba a dakatar da maganin asibiti ba sa'ad da a ke ba su. Wanda ya ji wannan labari ya tafi yana ɗura wa karensa man kwalba, zai kai shi ga ciwon ciki tun bai kai ga amfanin ba.

Shafawa a fata ta fi sauƙi. Da hunturu in tafin ƙafar kare ko hancinsa ya yi faso, ɗan man kwakwa yana tausasa shi, ko da ya ke rabinsa lashewa zai yi, sauran kuma ƙura ta manne. Ƙazuwa kuwa wani ƙwaro ne ƙanƙane da ke haƙa rami cikin fata, mai ba ya isa gare shi, tana da maganinta wurin likita kuma ba shi da tsada. Gara dai man kwakwa sau dubu da baƙin man mota da na ga waɗansu suna shafe kare da shi, wannan kam guba ce tsagwaronta, ta fata ta shiga, ta baki ta shiga.

Tun da muna maganar abin da ke faɗuwa daga tire, akwai waɗanda suka fi kwakwa sharri nesa ba kusa ba. Goro na gaba, gama abin da ke hana mu barci cikinsa, irin na gahawa, shi ke sa zuciyar kare gudu har ya kama rawar jiki, kuma cakulan ɗan'uwansa ne a wannan. Zabibi da inabi suna kashe ƙodar waɗansu karnuka ko da kaɗan ne. Albasa da tafarnuwa in sun yi yawa suna farfasa jininsa, ɗanyu ko dafaffu. Ƙwallon dabino yana toshe hanjin ƙaramin kare. Maganin ciwon kai da na ciwon jiki irin namu kuwa kada a kuskura a ba shi, da yawa an kashe kare da niyyar jiyya.

Abu guda kuma ba zan rufe ba ban faɗe shi ba. Mazhabar Malik ta ce kare mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa, wanke ƙwarya sau 7 in ya yi lallagi cikinta bauta ce kawai. Wannan ma hukuncin tsarki ne, ba shaidar lafiya ba ne. Cikin yawun nan ciwon haukan kare ke tafiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma in alamarsa ta bayyana ga mutum kusan babu mai tashi. Ba kwakwa, ba manta, ba rubutu ba tofi da zai maye gurbin allurar rigakafi. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa cikin 1924, tana yin ta a nan ƙasar, a kan yi wa kare sau ɗaya a shekara. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya nufi asibiti ran nan, kada ya jira ya ga abin da karen zai yi.

Ran Asabar abokina ya komo. Likita ya yi wa karen ƙarin ruwa kwana biyu, tsagin ɓawo guda ya fita da kansa, ya ce a riƙa ba shi abinci marar maiƙo, a komo da shi bayan mako biyu a duba hanta. Sai na ba shi jawabin tambayarsa ta biyu. Na ce Risala ta ɗora wa wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiyewa biyan ƙimarsa, amma ni ban ga ramuwa bisa yaransa ba ko da ya mutu, tun da kayansa ne, a sitonsa, bai kuwa taɓa hana su ba. Shi ma abin da ya wuce kuskure ne na rashin sani, ya yi istigfari, kuɗin likita da ya biya yana cikin ciyarwar da ta wajaba a kansa, kada ya lissafa shi sadaka. Daga yau kuwa ya sani, in ya sake bari aka yi, sakaci ne.

Ya ce to sauran buhu ɗaya da rabi na ɓatacciyar fa, ko a kai wa masu awaki? Na ce hantar akuya ma hanta ce, kuma gubar tana biyo nono. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sa'an nan ya aiki yaro ya gaya wa mai gadi a haƙa rami mai zurfi bayan sito, a zuba a rufe, a ɗora dutse, kada karen ya tono.